Yadda Ake Haɗa Kayan Ko-ta-kwana a Gida Tare da Magungunan Gargajiya

Ciwo ba ya sallama, kuma ya fi zuwa da tsakar dare, lokacin da mai kemis ya rufe, an ɗauke wuta, babu adaidaita sahu ko ɗaya a titi. Mu mazauna Kano mun ga irin ranakun da fita ma ba ta yiwuwa. Mun ga kullen korona a watan Afrilun 2020, mun ga ruwan da ya mamaye Kantin Kwari a daminar 2022, mun ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin da mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na sayen farasitamol. A irin waɗannan ranaku, abin da yake cikin gidanki shi ne naki. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na daɗe ina riƙe da gida mai yara da tsofaffi a cikin birni, kuma wannan tanadi a wurin iyayenmu mata na koya, sai abin da malaman asibiti suka ƙara mini a wajen awo da rigakafi. Ina rubuta shi ne domin ke 'yar'uwa da kika fara zaman gidanki, ko kika daɗe amma ba ki taɓa zama kin tsara abin ba. Tun yanzu ki riƙe wannan: ganye da saiwa aikinsu ƙananan larurori ne, su mura da kumburin ciki da kaushi, da kuma sauƙaƙa wa mara lafiya kafin a kai shi inda ya kamata. Wanda ya san inda ikon magani ya tsaya ya fi wanda ya haddace sunan itatuwa ɗari amfani a gida.

Kayan da za ki tanada

Ki samu akwati ko bokiti mai murfi wanda ruwa da ɓera ba sa shiga. Bokitin fenti da aka wanke sosai yana yi. Sai kwalabe masu murfi kamar goma, irin na bama ko na zuma, a wanke su da ruwan zafi a shanya su bushe ƙarau. Ki haɗa da ƙaramin turmi da taɓarya wanda ba a daka yaji a ciki, da rariya mai laushi, da faifai ko tire, da farin ƙyalle mai tsabta, da cokalin shayi guda ɗaya da zai zauna a cikin akwatin kullum, da gora mai cin lita ɗaya daidai, da takarda da biro da salatif.

Na gargajiya kuwa: citta busasshiya, kanumfari, masoro, tafarnuwa, tsamiya, zoɓo, garin zogale da 'ya'yansa, na'ana'a ko ɗoɗɗoya, bagaruwa, habbatus sauda, man kaɗe, zuma, gishiri da sukari. Darbejiya ba sai an ajiye ba, da wuya ki rasa bishiyarta a unguwa. Lemun tsami ma ana sayensa ne sabo. Kasuwar Kurmi da ta Rimi babu abin da za ki rasa a cikin waɗannan, ɗanyun kaya kuma 'Yankaba ta fi sauƙi.

Sai na kemis, kuma kada ki ce ai ga na gargajiya sun wadatar: ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa) kamar leda goma, ƙwayar zink, farasitamol na manya da na yara, ma'aunin zafin jiki, bandeji, filasta, auduga, aidin, sabulu, almakashi, safar hannu, da maganin tsaftace ruwa. Duk abin da za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jiki.

Na ƙarshe su ne tocila da batir, abin cajin waya na hannu, ashana a cikin leda, da gidan sauro ga kowane gado. Idan kuɗin bai kai ki haɗa su rana ɗaya ba, ki fara da ORS da ma'aunin zafi da tocila, sauran ki riƙa ƙarawa duk ranar cefane.

1. Ki fara da ruwa

Yawancin gidajenmu ruwan 'yan garuwa muke saye, ko na burtsatsen maƙwabta da ba ya tashi sai da wuta ko janareta. Ranar da mai ya yi wuya ko ruwa ya cika layi, mai kura ba zai shigo ba. Lissafin da masu aikin agaji ke yi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, na sha da girki da tsabta. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar lita 90 a rana, kusan jarka huɗu ta lita 25. Ki yi ƙoƙari a ce kullum akwai na kwana uku a ajiye. Idan wuri ya yi kaɗan, ki tabbatar da na sha da girki tukuna, kamar lita 5 ga kowa a rana.

Ruwan sha a tafasa shi har ya yi tafasa mai ƙarfi na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe. In gawayi ko gas ya yi tsada, ki sa maganin tsaftace ruwa daidai yadda aka rubuta a jikinsa, ki jira minti 30 kafin a sha.

Idan ruwan ya zo da dauɗa, kamar na rijiya bayan an yi mamakon ruwa, sai an kwantar da shi kafin a tafasa. Alif yana yi. In babu alif, 'ya'yan zogale suna wannan aikin: ki ɓare busassu, ki daka farin cikin ya yi laushi, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, ki dama da ɗan ruwa mai kyau, ki juye a bokitin, ki gauraya da sauri sannan a hankali, ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Laka za ta kwanta a ƙasa, ki tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ga ruwa ya yi garau a ɗauka ya tsarkaka. Alif da zogale dauɗa suke kwantarwa, ba sa kashe ƙwayar kwalara, don haka tafasawa ko sa magani yana nan daram.

Randa kuma ki yi mata murfi da moɗa mai dogon hannu wadda ba a shan ruwa da ita. Yaro ya fito daga bayi ya tsoma kofi da hannunsa a randa, duk wahalar tafasawar ta tashi a banza.

2. Zaɓen ganye da shanya shi

Ki sayi abu a yadda Allah ya halicce shi, ki daka da kanki. Garin da aka riga aka niƙa aka ƙulla a leda ba ki san me aka haɗa a ciki ba, kuma ba ki san shekararsa nawa a rumfa ba. Haka ruwan magani na cikin jarka da ake yawo da shi a mota da lasifika, wanda ake cewa yana maganin basir da shawara da sanyi da taifot duk a kofi ɗaya, ni ba ya shiga gidana. Ki nemi mai sayarwa guda ɗaya da kika yarda da shi, dattijo ko dattijuwa mai rumfa tsayayya, wanda in kin tambaye shi sunan itace zai faɗa miki.

Ki shinshina, ki karya ki duba ciki. Citta mai kyau tana da nauyi da ƙamshi mai hawa kai. Kanumfari in kin danna shi da farce za ki ga ɗan maiƙo. Duk abin da ya yi fumfuna ko yake warin gumi ki bar shi, ko da kyauta ne, domin fumfuna tana barin dafin da ke cutar da hanta kuma tafasawa ba ta kashe shi.

In tsinkowa za ki yi, ki yi da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kada ki tsinki na bakin babban titi da ya sha hayaƙin mota, ko na gefen kwata, ko wanda ake ban ruwa da ruwan Jakara ko ruwan da ya fito daga masana'antun Sharaɗa da Bompai. Bishiyar cikin gida ko ta gona ta fi.

Ki wanke ganyen, ki tsane shi, ki baza a faifai ba tare da ya hau kan juna ba, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ki rufa masa ƙyalle mara nauyi saboda ƙura da ƙuda. Rana tana cinye launin ganye da ƙamshinsa, shi ya sa zogalen da aka shanya a rana yake komawa ruwan ƙasa. Saiwa da ɓawo da citta su kam ana yanka su ƙanana a ba su rana. Da hunturu kwana uku zuwa huɗu ya isa ganye ya bushe. Da damina abin yana ja, kuma nan ne ake asara, don haka babban tanadi ki yi shi daga kaka zuwa hunturu. In dole sai da damina, ki riƙa juya shi safe da yamma a ɗaki mai taga. Alamar bushewa ita ce ki murza ganye ya ruguje, ki karya saiwa ta ce ƙas.

3. Adanawa

Kowane abu da kwalbarsa, ki manna takarda ki rubuta suna da watan da aka zuba. Kada ki dogara da ido, garin ganye duk kama suke da juna bayan wata biyu. Ganye ya fi kyau a yi amfani da shi cikin wata shida zuwa shekara, saiwa da 'ya'yan itace sukan fi haka daɗewa. Abin da ƙamshinsa ya tafi, ƙarfinsa ma ya tafi. Kada ki daka da yawa, ki daka na wata guda kawai.

Akwatin a sa shi sama, inda hannun yaro ba ya kai, nesa da murhu da bangon da rana ke duka. In unguwarku ruwa yana shiga gidaje, kada ki bar shi a ƙasa ko da na kwana ɗaya ne a watan Agusta.

4. Ruwan gishiri da sukari

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a cikin duk wannan bayani, wannan zan zaɓa. Amai da gudawa sun fi kashe yaro ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa, kuma cikin 'yan awoyi suke yin haka. Duk wanda ya kai shekara goma a gidanki ya kamata ya iya haɗa wannan ruwa, har maigida.

Na leda, wato ORS, shi ne kan gaba. Ki karanta jikinta ki ga ko ta lita ɗaya ce ko ta rabi, ki juye duka a ruwan da aka ce. In babu, ki wanke hannu da sabulu, ki auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ko ruwan leda guda biyu tunda kowace rabin lita ce. Ki zuba sukari cokalin shayi 6, a shafe ba a tula ba, da gishiri rabin cokalin shayi. Ki gauraya har su narke, ki ɗanɗana. Bai kamata gishirinsa ya fi na hawaye ba. In ya fi, ki zubar ki sake, domin gishiri mai yawa yana da haɗari ga yaro, sukari mai yawa kuma yana ƙara gudawar.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 10 rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya yadda zai iya. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. A haɗa da zink, ƙwaya mai miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya ake ba shi. Nono kuma kada a fasa, kunu ma a ci gaba da bayarwa.

Manya sukan dafa ganyen gwaiba su sha don tsayar da ciki, kuma ban hana ba, amma a kan ruwan gishiri da sukari ake ƙara shi, ba ya maye gurbinsa. Yara ƙanana ban yarda a ba su ba. Lemon kwalba ma ba maganin gudawa ba ne.

5. Jiƙo da dafawa

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ganye da fure ba a tafasa su: cokalin shayi ɗaya na busasshe a kofi, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a tace. Saiwa da ɓawo da 'ya'ya masu tauri su ake dafawa a wuta kaɗan, minti 10 zuwa 15, a rufe. Ki yi na yini ɗaya kawai, domin a zafin Kano jiƙon da ya kwana ya fara lalacewa. Kuma abu ɗaya ko biyu a lokaci guda. In kin haɗa bakwai jiki ya ƙi, ba za ki san wanne ne ya jawo ba.

Mura da tarin hunturu: citta kamar girman babban yatsa, kanumfari uku ko huɗu, a dafa a kofi biyu na ruwa, a sauke, in ya ɗan huce a matsa lemun tsami a sa zuma. Yaron da ya haura shekara ɗaya, rabin cokali zuwa cokali ɗaya na zuma kafin barci yana rage masa tarin dare. Wanda bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam, ko ɗan lasa, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya yaƙa, ta shanye masa jiki. Na san wannan yana yi wa iyayenmu nauyi, saboda darajar zuma a wurinmu. A yi musu bayani da ladabi, darajarta tana nan, jiran shekara ɗaya kawai ake yi. Haka batun dauri da jiƙe-jiƙen jarirai: kafin wata 6 nonon uwa ya ishe shi.

Ciwon maƙogwaro: rabin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure a zubar. Toshewar hanci: babba ya yi sirace da na'ana'a ko ganyen darbejiya. Yaro kam kada a lulluɓe shi da tukunyar ruwan zafi, yara da yawa sun ƙone ta wannan hanya. Shi a ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis.

Kumburin ciki da tashin zuciya: shayin citta ko na na'ana'a. Taurin bayan gida: a jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi a sha, a yawaita ruwa da miyar kuka ko kuɓewa. Filasko yana aiki amma yana murɗa ciki, ba na mai ciki ba ne ba na yara ba, kuma ba a jera kwanaki ana sha. Ciwon haƙori: a tauna kanumfari ɗaya a ajiye a gefen haƙorin, zai kashe zafin zuwa safe, ramin kuwa sai likitan haƙori. Dasashi mai jini ko ƙurajen baki: a kurkure da ruwan bagaruwa a zubar. Ƙurajen zafi da ƙaiƙayi a bazara: a dafa ganyen darbejiya a sirka a yi wanka. Man darbejiya kuwa ba a ba yaro ya sha, yana iya sa shi jijjiga. Kaushi da faso da fashewar leɓe: man kaɗe bayan wanka, jiki da ɗan danshi. Wanda ya tashi daga ciwo ba ya son abinci, a riƙa sa masa cokalin garin zogale a kunun gyaɗa ko a miya bayan an sauke.

Mai ciki ta tsaya a kan abin da ake ci a abinci, kada ta sha jiƙo mai ƙarfi, har da zoɓo mai kauri da hulba da jar kanwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ajiye ƙwayoyinsa don ya samu ganye. Zoɓo yana sauke jini, hulba tana sauke sukari, in suka haɗu da maganin asibiti abin zai iya sauka fiye da kima, don haka ya gaya wa likitansa abin da yake sha. Mai ciwon ƙoda ko hanta shi kam ya nisanci jiƙe-jiƙe gaba ɗaya. Ido da kunne kuma ba a ɗiga musu komai na gida, ko ruwan albasa ko nono ko ruwan sukari.

6. Ƙuna da rauni da sauran haɗurran gida

Ƙuna: a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, da buta ko kofi in babu famfo. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wuri ya kumbura. Kada a shafa man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, kada a fasa bororo. Ƙaramar ƙuna ta sama-sama, bayan ta huce ana iya shafa zuma mai kyau a rufe da bandeji mai tsabta, a canza kullum. In ta fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska ko hannu ko al'aura, ko ƙaramin yaro ne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.

Yanka: a danne da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. In jini ya tsaya a wanke da ruwa da sabulu, a sa aidin, a rufe. Ƙasa da toka da garin gawayi ba sa shiga rauni. Ƙusa ko tsohon ƙarfe in ya soki mutum, a je a yi allurar tetanus. Haɓo: a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10, ba a ɗaga kai sama. Cizon kare: wanki da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, sannan asibiti a ranar. Harbin kunama: babba ya wanke ya ɗora ƙyalle mai sanyi ya sha farasitamol, yaro a kai shi asibiti. Saran maciji: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a ɗauke shi a tafi.

Yaro in ya sha kalanzir ko fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke tura man cikin huhu. Maganin wannan tun farko shi ne kada a taɓa zuba kalanzir ko fiya-fiya a gorar lemo.

Jijjiga: a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge, a sassauta masa riga. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko rubutu ko mai yana cikin wannan hali, ba a kara ƙafarsa a wuta. A yi addu'a ana kan hanyar asibiti.

7. Inda aikin akwati ya ƙare

Zazzaɓi shi ne wurin da aka fi yin sake. In ma'auni ya nuna 38 ko sama, a ba da farasitamol daidai shekaru, a shafe jiki da ruwa mai ɗan ɗumi, a ba da abin sha, sannan a je a yi gwajin maleriya cikin awa 24. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito, kuma asibitin sha-ka-tafi na unguwa yana yi. In ta tabbata, a shanye maganin kwana uku duka. Darbejiya da tazargade da sirace ba sa fitar da maleriya daga jinin yaro. Kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo ƙofar gida, a fito musu da yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, a cika na kwana biyun da suke bari.

Waɗannan kuma ki rubuta su ki manna a murfin akwati. Da an ga ɗaya, ba jiran safiya: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi da sauri ko awazu na faɗawa, ido ya zurma ba fitsari, gudawa fara kamar ruwan shinkafa ko mai jini, zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman a bazara, zazzaɓi ga jaririn da bai wuce wata 2 ba, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu a ciki. Wannan na ƙarshe shi ne mashaƙo, wanda ya addabi Kano daga ƙarshen 2022, kuma cire beli ko shafa magani a wuya ba ya yi masa komai sai ɓata lokaci. Ga manya: mai ciki ta ga jini ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, baki ya karkace ko hannu ya mutu, ciwon ƙirji, ido ya yi ɗorawa.

Ku zauna da maigida tun ana lafiya ku yanke inda za a nufa. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da na Nassarawa suna da sashen gaggawa, yara akwai Hasiya Bayero, karaya akwai asibitin ƙashi na Dala, cututtuka masu yaɗuwa kamar kwalara akwai Asibitin Zana. Ki ajiye lambar mai adaidaita biyu na unguwa da suka yarda a tashe su da dare, da ta maƙwabci mai mota, a takarda ba a waya kaɗai ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

8. Abinci da wuta da kuɗi

Abincin kwana uku zuwa mako wanda ba ya buƙatar firji: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, garin kunu, shinkafa, wake, taliya, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, mai. Ki riƙa ci kina mayarwa don kada ya tsufa. Mai gas ta ajiye kurfoti da ɗan gawayi.

Gawayi da janareta su ne masu kisa ba hayaniya. Da hunturu mutane kan shiga ɗaki da kaskon garwashi su rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, sai dai a wayi gari a tarar da mutane. Garwashi ba ya kwana a ɗaki, janareta kuma a waje yake zama, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarayi. In 'yan ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri gaba ɗaya, a buɗe ko'ina a fita da su.

Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko farfaɗiya ko asma ko sikila, a riƙa ajiye masa rarar mako biyu. Mai allurar insulin ta ciwon sukari, in babu wuta, a yi masa tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Maganin a sa shi cikin leda don kada ya jiƙe. Tumatir da alayyafo ma suna ƙara kwana a ciki.

Tsabar kuɗi ƙanana, waɗanda za su isa kuɗin mota da kati da maganin farko, a sa a ambulan a ƙasan akwati, kuma ba na cefane ba ne. Katin asibiti, katin rigakafin yara, takardun haihuwa da na gida, duk a leda mai kauri wuri ɗaya.

9. Dubawa

Sau uku a shekara nake zazzage akwatin. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, a ƙara ORS da maganin ruwa, a ɗinke gidan sauro, a fito da maza su yashe kwatar ƙofar gida. A watan Oktoba a sayi sabuwar citta da zoɓo da man kaɗe, a yi shanya. A watan Fabrairu, kafin zafin da ke haura digiri 40, a ƙara mazubin ruwa a duba katin rigakafin yara. Kowane karo ki buɗe kwalabe ki shinshina, ki duba ranar lalacewar na kemis, ki kunna tocila, ki kira lambobin da ke takarda ki ji ko suna shiga. Sannan ki kira babbar 'yarki ko ɗanki, ki ba shi gora da cokali ya haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanki, ki ɗanɗana ki ji ko ya yi daidai.